Kwana Huɗu a Sawakin da Jakar Goyo

Makon jiya, bayan sallar isha'i, gardama ta kaure a majalisarmu da ke bakin masallaci a Hotoro. Wani maƙwabcina, dattijo mai shago a Kantin Kwari, ya kawo mana ƙarar ɗansa da ke aji uku a jami'a. Yaron ya daɗe yana gyaran wayoyi a kasuwar Farm Centre duk ranar da ba shi da lacca, ya tara 'yan kuɗinsa, yanzu kuma ya ce idan an yi hutu zai goya jakarsa ya tafi Badagiri ya ga teku, ya tsallaka Gberefu inda aka riƙa loda bayi a jirgi. Uban ya dube ni ya ce, "Dakta, kai ne malaminsu. Tafiyar nan ba fatauci ba ce, ba karatu ba ce, ba zumunci ba ce, ba asibiti za shi ba. To, mene ne sunanta?" Wani ya yi caraf ya ce sunanta yawon banza. Aka yi dariya. Ni dai ban yi ba, domin na taɓa yin irinta, kuma a lokacin na girmi yaron nan da fiye da shekara goma.

A watan Nuwamban 2017 na halarci wani taron ilimi a Khartoum. Da aka tashi daga taron, abokan tafiyata suka bazama kasuwar Omdurman sayen turaren wuta da lalle na tsaraba, ni kuwa na bar akwatina a wurin wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Afirka, na zuba riga biyu, da dardumar salla, da littafin rubutu a jakar goyo, na nufi tashar mota. Sawakin na dosa, wani tsohon gari da ke kan ɗan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya.

Dalilin zuwana yana da tarihi a gidanmu. Kakana, mahaifin babana, ya bar Kano da niyyar aikin hajji a ƙasa shekara guda bayan an gama yaƙin Hitila. Babana yana goye a lokacin, yayarsa kuwa, wato gwaggona, tana da shekara takwas. Saƙo na ƙarshe da ya iso daga gare shi wani alhaji ne da ya dawo ya kawo da baki, ya ce ya bar shi a Sawakin yana jiran jirgi, lafiyarsa ƙalau. Daga nan shiru. Tun ina yaro nake jin sunan garin nan a bakin Gwaggo, har na ɗauka wata unguwa ce a Makka. Da na je yi mata sallama a gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi kafin tafiyar, na ce mata Sudan za ni, sai ta ce, "To, ka je Sawakin ka tambaya." Haka ta faɗe shi, kamar mai aiken yaro Tarauni sayo kayan miya. Ban iya ce mata shekara saba'in sun wuce ba.

Daga Khartoum zuwa gaɓar teku tafiyar wuni guda ce cur a babbar mota, kimanin kilomita 800. Hanyar ta bi ta Shendi, ta wuce gefen dalolin Meroe da ake hangowa daga tagar mota, ta isa Atbara, sannan ta karkata gabas ta ratsa ƙasar Beja ta Haiya da Sinkat, ta gangaro daga kan duwatsu zuwa bakin ruwa. A wani shingen hanya an sauke ni an riƙe fasfona kusan rabin awa saboda takardar izinin zirga-zirgar da nake ɗauke da ita kwafi ɗaya ce tak, su kuma suna son su ajiye nasu. Fasinjoji suka zauna suna jirana, babu wanda ya ɗaga murya. Da na dawo na ba su haƙuri, sai wata tsohuwa ta miƙo mini dabino. Na tuna yadda da a wata tashar aka yi wannan jinkiri, da tuni na sha zagi har na ƙoshi.

Mun isa da almuru. Garin kashi biyu ne: akwai ɓangaren da ke kan tudu, wanda ake kira Gef, inda kasuwa da mutane suke, akwai kuma tsibirin kansa, wanda wata gajeriyar hanya da aka cike a zamanin Gordon ta haɗa shi da gaɓa. Na sauka a irin masaukin da suke kira lokanda, wato tsakar gida da aka jera gadajen igiya, kowa ya biya kuɗin gado ɗaya ya sa jakarsa a ƙarƙashin kai. Maƙwabtana na wannan dare direbobin manyan motoci ne da masu rakiyar tumaki, domin daga tashar Sawakin ake loda dabbobin Sudan zuwa Jidda. Mai karatu zai iya tuna labarin jirgin da ya nitse a wannan tasha a watan Yunin 2022 da tumaki fiye da dubu 15. Ban yi barcin kirki ba saboda sauro da minshari, amma abin da na ji a bakin direbobin nan game da farashin raguna da halin hanya, babu otal ɗin da zai sayar mini da shi.

Da gari ya waye na tsallaka tsibirin. Ƙarami ne ƙwarai, kusan da'ira, mutum zai zagaye shi da ƙafa bai yi awa guda ba. Abin da ya fara kama ni shi ne shirun wurin. Babu ƙarar Adaidaita Sahu, babu janareto, babu mai talla. Sai motsin ruwa, da kukan tsuntsayen teku, da kyanwoyi masu yawan gaske suna shawagi a kan tarin duwatsu. Mutanen garin suna da tatsuniyar cewa Annabi Sulaimana ya taɓa tsare aljanu a tsibirin, don haka ba a cika son takura wa kyanwoyin nan ba. Ni ma dai, da digirorina duka, na kauce musu a hanya.

Tarin duwatsun nan kuwa su ne garin. Gidajen Sawakin da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga cikin teku, a jera shi hawa biyu ko uku, a sa katako a tsakani don ya riƙe ginin, a shafe shi da farar ƙasa, sannan a ƙawata fuskar gidan da manyan tagogin katako masu ɓula-ɓula da ake kira roshan, irin waɗanda alhazanmu suke gani a tsohuwar unguwar Balad ta Jidda. A ranar da na je, abin da ya rage a mafi yawan gidajen shi ne bango ɗaya a tsaye, ko bakin ƙofa da zanensa ba ɗaki a bayansa, ko matakala da ta hau sama ta tsaya a iska.

Gari ne da ya ga duniya. Ibn Battuta ya sauka a cikinsa wajajen 1330. Ya shiga hannun Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. A 1865 aka miƙa shi ga Khedive Isma'il na Masar, kuma da aka buɗe mashigin Suez a 1869 sai kasuwarsa ta ƙara bunƙasa. A zamanin Mahadi, Usman Digna ya yi shekaru yana kai wa garin hari ba tare da ya ci shi ba, har yau kuma ƙofar da aka gina lokacin da Kitchener ke gwamna a 1886 tana nan a ɓangaren tudu. Wato yaƙi bai kashe Sawakin ba. Abin da ya kashe ta shi ne mashigarta ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani hagu da dama, manyan jiragen tururi ba sa iya shiga cikin sauƙi. Sai Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tasha a 1905, kimanin kilomita 60 arewa, suka buɗe ta a 1909, suka sa mata suna Port Sudan. Ofisoshi suka tashi, attajirai suka bi su, aka kulle gidaje aka tafi da makullai.

A nan ne na daɗe a tsaye, domin abin ya yi kama da wani abu da na sani. Dutsen murjani yana shan ruwa da gishiri. Muddin ana sabunta masa shafe, zai yi ɗaruruwan shekaru. Ranar da aka daina, iskar teku da ɗan ruwan da ake yi a gaɓar nan lokacin sanyi za su shiga cin sa, katakon da ke tsakani ya ruɓe, bango ya buɗe. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikin birnin Kano ya san wannan hukunci: gidan da ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, ya kama hanyar zama kango. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, haka ta rayu, da aikin gayya na shekara-shekara. Ina tsaye a gaban katafaren masaukin fatake na Shinnawi, wanda a da shi ne abin alfaharin garin, sai hankalina ya koma kan badalar da nake wucewa kullum a hanyar zuwa aiki, wadda aka yanka wani wurin aka yi shago, wani wurin aka kwashe ƙasarta aka yi tubali, da tsohuwar Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi. Shekara nawa ina wuce su ban taɓa tsayar da mota ba. Sai da na je ƙasar wasu na ga gawar garinsu, sannan na lura namu ba shi da lafiya.

Ba duka tsibirin ne kango ba. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, sun yi fari tas a tsakiyar ɓaraguzai. Wata guda bayan na dawo, a Disambar 2017, Shugaba Erdogan ya ziyarci wurin, aka yi ta maganar za a damƙa wa Turkiyya tsibirin ta sake gina shi, abin da ya ɗaga hankalin Masar da Saudiyya. A ra'ayina gyaran ya yi kyau, sai dai ya yi sabunta da yawa, kamar tsoho da aka sa wa haƙoran roba. Duk da haka na yi sallar azahar a can, mu uku da masu gadi.

Yanzu bari in zo kan aiken Gwaggo. Bayan an tashi daga Sawakin an koma Port Sudan, abu ɗaya da garin ya riƙe shi ne alhazai. Nan ne mashigar mahajjatan Afirka ta Yamma, kuma nan aka ajiye wurin killace su don duba lafiyarsu kafin su tsallaka da bayan sun dawo. Mutanenmu sukan tashi daga Kano su bi ta Maiduguri, su shiga Chadi ta Fort Lamy da Abeche, su ratsa Darfur har El Obeid, inda layin dogo ya iso tun 1912. Tafiyar da yau jirgin sama ke yi daga Kano zuwa Jidda cikin kusan awa biyar, su shekaru take ɗaukar su, domin guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, a tara na gaba. Wasu sukan yi aure a hanya, su haifi 'ya'ya, su mutu suna cewa baɗi za su ƙarasa. Kafin su ma akwai waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau.

A kasuwar Gef na tambayi mai sayar da ful, wato dafaffen waken da suke karin kumallo da shi, ko akwai Hausawa a garin. Ya nuna mini wata rumfa. Na tarar da wani dattijo yana gyaran komar kamun kifi, na yi masa sallama, sannan na ce, "Baba, barka da aiki." Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Daga ina?" Na ce daga Kano. Ya ajiye komar ya ce, "Kano ta Dabo? Zauna, ɗana." Hausarsa tsohuwa ce, ta cakuɗe da Larabci, akwai kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata. Ya ce kakansa mutumin ƙasar Haɗeja ne, shi kuwa a nan aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba. Ya sa aka kawo jabana, gahawar da suke dafawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, domin ya ji babansa yana faɗa. Na ce ana yi. Ban gaya masa karofi nawa suka rage ba.

Na faɗa masa sunan kakana, da unguwarmu, da shekarar da ya fito. Ya yi shiru, ya aika aka kira wasu tsofaffi biyu. Suka yi ta jero sunaye, wannan ya ce ko wane ne, wancan ya ce a'a, wane Bakatsine ne. Daga ƙarshe dattijon ya ce, "Ɗana, masu irin wannan suna da suka wuce ta nan sun fi a ƙirga. Wasu sun tsallaka ba su dawo ba, wasu ciwo ya ɗauke su a wurin killacewa, wasu kuma sun gaji da jiran takarda sun shiga ƙananan jirage da dare." Da la'asar ya raka ni wata tsohuwar maƙabarta a bayan gari. Duwatsu ne kawai a jere cikin rairayi, ba suna ba alama. Muka yi addu'a ga duk wanda ke kwance a wurin.

A kwana na uku na hau motar haya na koma kan duwatsu zuwa Arkawit, wurin da Turawa suka mayar mafakar hutawarsu lokacin zafi. Tsayinsa ya haura mita dubu, hazo yakan rufe shi a watannin sanyi, ga itatuwa masu kama da ƙyarana ko'ina, har sai da na ciro rigar sanyi. Can kabarin Usman Digna yake, wanda ya rasu a Wadi Halfa a 1926 bayan shekaru a tsare, daga baya aka dawo da shi ƙasar kakanninsa. Sanganeb kuwa, tsibirin murjani mai hasumiyar fitila da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2016, ban je ba. Kuɗin hayar kwalekwale daga Port Sudan ya fi ƙarfin aljihuna, kuma gaskiya ɗan Kano da bai taɓa iyo ko a Tiga ba, ba shi da abin nema a tsakiyar teku. Na wadatu da soyayyen kifi a bakin ruwa, ina kallon jirgin Jidda yana fita da fitilunsa bayan magariba.

Yau wannan tafiya ba ta yiwuwa yadda na yi ta. Tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya cinye Sudan, kuma ta wannan hanya da na bi don ganin gari aka kwaso wasu ɗalibanmu zuwa Port Sudan a guje. Kafin nan ma, a Yulin 2022, an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu wanda ya ci rayukan Hausawa da dama, har 'yan uwansu suka fito zanga-zanga a Kassala da Port Sudan. Mutanen da kakanninsu suka shekara ɗari a ƙasa, har yanzu ana tambayarsu daga ina suka zo. Da na ce a 2017 bari sai na ƙara samun kuɗi, ko sai na zama farfesa a ba ni mota da direba, da ban ga Sawakin ba.

Wannan shi ne abin da na so in faɗa wa maƙwabcina a majalisa, amma hayaniya ta hana. Ban raina tsoronsa ba. Hanyoyinmu ba su da aminci kamar da, kuma uban da ya ce yana jin fargaba ba ƙarya ya yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa tafiyar ba ta da suna. Mu jikokin fataken da suka kai Gwanja sayen goro ne, da almajiran da suka yi gabas da allo da buzu, da alhazan da suka taka har Bahar Maliya. Babu ɗayansu da ya fita da abin da ya fi jakar yaron nan nauyi. Abin mamaki, mu da muka yi boko mu ne muka fi kowa ƙuntata tafiya: daga filin jirgi sai otal, daga otal sai zauren taro, sai kanti, mu dawo da turare da hotuna ba mu yi hira da mutum ɗaya na ƙasar ba. Ina koyar da ɗaliban da za su zana maka taswirar cinikin bayi a takardar jarrabawa, amma ba su taɓa hawa Dala ba. Badagirin da yaron ke son zuwa kuwa ba bare ba ce a tarihinmu, domin ta can Clapperton da Lander suka shigo a ƙarshen 1825 suka kamo hanyar Kano da Sakkwato, inda Clapperton ya mutu a 1827.

Washegari na sami dattijon shi kaɗai a ƙofar gidansa. Muka yi sharaɗi: yaron ba zai yi tafiyar dare ba, zai tafi da aboki, zai sauka a wurin wani ɗan uwansu da ke Agege kafin ya wuce, zai kira gida safe da yamma, kuma zai rubuta abin da ya gani ya kawo mini in duba. Na ƙara nawa sharaɗin, cewa kafin ya je ganin teku sai mun zagaya abin da ya rage na ganuwa da ƙafa, ni da shi, ranar Asabar. Uban ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu bai ba da amsa ba.

Gwaggo kuwa, da na dawo na je Gyaɗi-Gyaɗi na zauna a gabanta, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce ban sami labarinsa ba. Na nuna mata hotunan kangaye a waya, ta ture su gefe. Ta ce in nuna mata ruwan. Na nuna mata. Ta riƙe wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Daga nan ana hango Makka?" Na ce a'a, Gwaggo, sai an kwana a jirgi kafin a isa Jidda. Ta ce, "Ashe da sauran tafiya." Ta miƙo mini wayar, ta kira jikarta ta ce a kawo mini fura. Allah Ya yi mata rasuwa a azumin 2021.